Wa Ya Biya Kuɗin Jirgin Wasiƙa Tsakanin Ingila da Ikko? Tambayoyi da Amsoshi

Ɗaliban tarihi da masu tara tsofaffin kan sarki sukan yi ta maimaita waɗannan tambayoyi game da jiragen ruwa masu aiki da tururi da suka riƙa kai wasiƙa gaɓar Afirka ta Yamma tun daga 1852. Lissafin kuɗin duk da tsohon kuɗin Ingila ne: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, wato kwabo 240 a fam.

1. Mene ne jirgin wasiƙa, kuma me ya raba shi da sauran jiragen 'yan kasuwa?

Jirgi ne na kamfani mai zaman kansa wanda gwamnati ta ɗaure da kwangila: zai tashi rana kaza, ya tsaya a tashoshi kaza, ya isa cikin kwana kaza, ko cikinsa ya cika da kaya ko bai cika ba. Jirgin ɗan kasuwa mai tafiya da iska ba ya barin gaɓa sai ya cika, yakan shafe watanni a bakin kogin Bonny ko Kalaba yana jiran manja. Jirgin wasiƙa kuwa idan ranarsa ta yi dole ya tashi. Wannan tilas ɗin shi ne ainihin abin da gwamnati take saye, kuma shi ne mai tsada, domin jirgin da ya tashi da rabin kaya kwal ɗin da zai ƙona bai ragu ba.

2. Kuɗin kan sarki bai isa ya biya jirgin ba ne?

Ko kusa. A tsarin da Birtaniya ta fara shimfiɗa wa ƙasashen da take mulka daga 1854, wasiƙa mai nauyin rabin oza, wajen giram 14, sisi ake biya, wato kwabo 6. Ana raba sisin gida uku: kwabo 1 na gidan wayar Ingila, kwabo 1 na gidan wayar inda wasiƙar za ta sauka, kwabo 4 na ƙetare teku. Tallafin da gwamnati take ba layin Afirka ta Yamma kuwa wajen fam 21,000 ne a shekara (duba tambaya ta 4). Idan aka mai da shi kwabo ya haura miliyan 5. Kafin kason teku ya rufe wannan kuɗi sai an aika wasiƙa sama da miliyan 1 da dubu 200 a shekara, alhali masu rubuta wasiƙa a gaɓar a lokacin ba su wuce 'yan tsirarun jami'ai, 'yan mishan, sojojin ruwa, wakilan kamfanoni da 'yan bokon Saliyo ba.

Saboda haka giɓin daga baitulmalin Birtaniya ake cike shi, majalisar dokoki tana amincewa da shi shekara-shekara. Ba wannan layi kaɗai ba ne. Samuel Cunard ya karɓi kwangilar Arewacin Amurka a 1839 a kan fam 55,000, kamfanin Royal Mail Steam Packet kuma fam 240,000 a shekara don tsibiran Karibiyan. Idan aka jera su, na Afirka ta Yamma ƙarami ne.

3. To me gwamnati take nema da ta yarda da wannan asara?

Abu uku, kuma wasiƙar talaka ba ta cikinsu. Na farko, rundunar jiragen yaƙin Birtaniya da ke sintiri a gaɓar don kama jiragen masu safarar bayi tana bukatar umarni da albashi da ma'aikatan canji a kan kari. Na biyu, jakadu da gwamnoni: a Disamba 1851 jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa Ikko luguden wuta, suka kori Kosoko suka mai da Akitoye kan karaga, kuma wanda ya tsoma hannu a sarautar wani gari dole ya so jin labarinsa kowane wata. Na uku, manja. Masana'antun sabulu da kyandir na Ingila suna shanye shi, ana kuma shafa shi a injuna da ƙafafun jirgin ƙasa, masu ra'ayin hana cinikin bayi kuma suna ganin idan cinikin manja ya kankama zai kashe wancan.

Ba kowa ne ya gamsu ba. Kwamitin da Lord Canning ya jagoranta a 1853 ya ga cewa tallafin jiragen wasiƙa gaba ɗaya ya yi yawa, ya ba da shawarar a riƙa rage shi da zarar layi ya tsaya da ƙafarsa. A 1865 kuma, shekara huɗu kacal bayan an mai da Ikko ƙarƙashin mulkin Birtaniya a Agusta 1861, wani kwamitin majalisa ya ba da shawarar a shirya janyewa daga yawancin wuraren da aka kama a gaɓar. Duk lokacin da kwangila ta zo ƙarewa, kamfanin jiragen sai ya sake kare kansa gaban mutanen da ke ganin gaɓar ba ta kai kuɗin da ake kashe mata ba.

4. Wa ya karɓi kwangilar farko, kuma nawa aka ba shi?

Macgregor Laird, ɗan gidan maƙeran jiragen ruwa na Birkenhead. Ya san gaɓar da jikinsa: yana cikin tafiyar 1832 da Richard Lander zuwa kogin Kwara a jirage biyu, Quorra da Alburkah, inda Turawa 9 kawai suka tsira daga cikin 48. A 1852 ya sami kwangilar shekara 10 ta kai wasiƙa sau ɗaya a wata, aka kafa African Steam Ship Company don aikin. Tallafin ba daidai yake kowace shekara ba. An tsara shi ya fara da ɗan yawa ya riƙa sauka, matsakaicinsa wajen fam 21,000. Hikimar ita ce shekarun farko su ne na wahala, kafin 'yan kasuwa su saba da jirgin.

Jirgin farko, Forerunner, ya tashi a Satumba 1852. Daga Landan yake lodi, ya ɗauki jakunkunan wasiƙa a Plymouth, ya bi ta Madeira, Tenerife, Goree, Bathurst, Saliyo, Monrobiya, Cape Coast, Akra, Ikko, Bonny, Kalaba, Kamaru, ya ƙare a Fernando Po. Ba a daɗe ba aka gane an yi kuskuren gida: kasuwar manja a Liverpool take, ba Landan ba. Kamfanin ya koma tashi daga Liverpool a 1856, kuma sabuwar kwangilar 1858 ta ɗaga tallafin zuwa fam 30,000.

5. Waɗanne sharuɗɗa ne ke cikin irin wannan kwangila?

Daga 1837 zuwa 1860 ma'aikatar sojan ruwa ce ke ƙulla kwangilolin jiragen wasiƙa, ba gidan waya ba, kuma hakan ya bayyana a sharuɗɗan. Ana ƙayyade girman jirgi da ƙarfin injinsa, jami'an ma'aikatar su duba shi kafin a amince. Ana rubuta ranar tashi, jerin tashoshi, da awannin da za a tsaya a kowace. Jinkiri yana da tara, rashin tashi gaba ɗaya tararsa ta fi. Gwamnati tana da ikon karɓar jirgin haya ko saye idan yaƙi ya tashi, jami'anta da sojojinta kuma suna da farashinsu na musamman.

Akwai kuma hafsan sojan ruwa da ke bin jirgin, jakunkunan wasiƙa suna hannunsa. Shi ke sauka da su a kowace tasha ya karɓo sa hannu, shi ke rubuta lokacin isa da na tashi, kuma yana iya hana kyaftin tsayawa jiran kaya. A nan rikici yake: kyaftin yana kallon gangunan manja a bakin ruwa da za su kawo wa kamfani riba, hafsa yana kallon agogo. Bayan 1860, da aka yi ta ce-ce-ku-ce a majalisa kan yadda aka ba da wasu kwangiloli, aikin ya koma hannun gidan waya, wanda ya fi tsananta lissafi.

6. A ina kuɗin yake narkewa?

A kwal. Injunan farkon shekarun 1850 suna cin kwal sosai, kuma a lokacin ba a haƙar kwal a gaɓar, na Inugu sai a 1909 aka gano shi. Dole a yi hayar wasu jiragen su kai kwal ɗin Birtaniya su jibge a tashoshin hanya, ya isa da ninkin farashinsa. Sannan duk wurin da kwal ya cika a cikin jirgi wuri ne da kayan biya ba su shiga ba. Bayan kwal akwai inshora, domin gaɓar tana da duwatsu da tudun rairayi kuma fitilun jagora kaɗan ne. Forerunner kansa ya nutse kusa da Madeira a 1854, shekara biyu da fara aiki. Zazzaɓi kuma yana kwantar da ma'aikata Turawa, shi ya sa jirage suke ɗaukar matuƙan ƙabilar Kru a Saliyo ko gaɓar Laberiya su yi aikin lodi da tuƙa kwale-kwale, a sauke su a hanyar komawa.

Abin da ya sauya lissafin shi ne sabon injin da ke amfani da tururi sau biyu kafin ya sake shi, wanda John Elder na Glasgow ya yi fice da shi daga 1854. Kwal ya ragu ƙwarai, wurin kaya ya ƙaru. A shekarun 1880 aka sami mai amfani da tururin sau uku. Wannan ne dalilin da ya sa wani kamfani ya iya shigowa ba tare da tallafi ba (duba tambaya ta 9).

7. An ce jirgin wasiƙa ba ya shiga Ikko. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, har fiye da shekara 60. Bakin mashigar tafkin Ikko yana da tudun rairayi a ƙarƙashin ruwa wanda ke sauya wuri, igiyar teku tana karyewa a kansa da ƙarfi, musamman da damina. Babban jirgi sai ya tsaya can cikin teku. Da farko kwale-kwale ne ke fita su ɗauko fasinja da jakunkuna, kuma kifewa a wurin ba sabon abu ba ne, ga manyan kifaye masu cin mutum. Daga baya aka kawo ƙananan jiragen tururi marasa zurfin ciki da ke iya ƙetare tudun. Kaya masu nauyi kuwa sau da yawa sai babban jirgi ya wuce da su Forcados, a ɗaya daga bakunan kogin Kwara, inda ruwa ke kwance, a juye su a ƙananan jirage a dawo da su Ikko.

Wannan yana nufin kuɗin dako biyu a kan kaya ɗaya, da fashewa da jiƙewa da sata a wurin juyi. Tallafin Landan bai rufe wannan ɓangare ba, ɗan kasuwa ne ke biya ya ɗora a kan farashi. Maganin ya zo ne da aka zuba dogayen katangun dutse a bakin mashigar, ana kawo dutsen ta jirgin ƙasa daga wajen Abeokuta, aka kuma yashe rairayin. A Fabrairu 1914 jirgin wasiƙa mai suna Akoko, mai nitsewar ƙafa 19, ya shiga tashar Ikko. Kuɗin wannan aiki daga asusun gwamnatin mulkin mallaka ya fito, wanda mafi yawan abin da ke shiga cikinsa harajin kwastan ne, babban kaso daga barasar da ake shigowa da ita.

8. Shin an taɓa ba da irin wannan tallafi don kogin Kwara?

An ba da, ga Laird ɗin dai. A 1854 ya gina jirgin Pleiad, wanda Dokta William Baikie ya jagoranta ya hau Binuwai tare da Samuel Ajayi Crowther, suna shan kwinin kullum, suka dawo ba wanda ya mutu. Ganin haka, a 1857 gwamnati ta ƙulla da shi ya riƙa aika jirgi cikin kogin kowace shekara har shekara biyar, tallafin ya fara daga fam 8,000 yana raguwa.

Wannan kwangilar ba ta yi albarkar ta teku ba. Jirgin Dayspring ya daki dutse kusa da Jebba a 1857 ya lalace. Kogin ba ya ɗaukar jirgi sai lokacin cikar ruwa, 'yan watanni a shekara, don haka ba zancen jadawalin wata-wata. Mutanen garuruwan bakin kogi, da 'yan kasuwar Liverpool da ke cin moriyar dillancinsu, suna ganin jirgin zai tsallake su ya kai ga masu kaya kai tsaye, har ana harbin jiragen daga gaɓa. Laird ya rasu a Janairu 1861, harkar ta tsaya. Baikie ya zauna a Lokoja ƙarƙashin kariyar Etsu Masaba na Bida, ya je Kano a 1862, amma yakan daɗe ƙwarai bai ga jirgi ba. Darasin da ke nan ga mai nazari shi ne tallafi yana sayen jadawali ne kawai inda ruwa da mutanen gaɓa suka yarda a bi shi.

9. Yaushe tallafin ya ƙare, kuma me ya kawo ƙarshensa?

Kishiya ce ta kawo shi. A 1868 aka kafa British and African Steam Navigation Company da kuɗin 'yan Glasgow, ya fara tashi a farkon 1869 da sababbin jirage masu tsimin kwal. Wakilansa a Liverpool su ne Alexander Elder, ɗan'uwan John Elder mai injin, da John Dempster, dukansu tsofaffin ma'aikatan layin farko ne da suka san sirrinsa. Ba su da ko kwabo na gwamnati, amma suna tafiya a kan kari suna cin riba. Bayan ɗan gajeren yaƙin karya farashi, kamfanonin biyu suka sasanta a 1870 suka raba ranakun tashi.

Gidan waya ya ga abin da yake jira: idan wani yana yi kyauta, don me za a ci gaba da biyan wani? A farkon shekarun 1870 aka bar tsarin dunƙulallen tallafi ya mutu, aka koma biyan kamfanonin gwargwadon wasiƙar da suka ɗauka. Nan gaba farashin wasiƙar kansa ya yi ta sauka: Ikko ta fitar da kan sarkinta a 1874, ta shiga ƙungiyar gidajen waya ta duniya a 1879, kuma daga 25 ga Disamba 1898 wasiƙa tsakanin yawancin ƙasashen daular ta koma kwabo ɗaya. Wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku ta iso Ikko a 1886, saƙon gaggawa na gwamnati ya daina jiran jirgi.

10. Idan babu tallafi, wa ya ci gaba da biyan kuɗin tashi a kan kari?

Masu kaya, kuma ta bayansu manomi da mai saye a kasuwa. Wannan ita ce amsar da aka fi tsallakewa. Alfred Jones ya shiga Elder Dempster, kamfanin da Alexander Elder da John Dempster suka kafa, a 1879, ya karɓe ragamarsa a 1884, zuwa farkon shekarun 1890 layukan Birtaniya biyu duk suna hannunsa. A 1895 ya haɗa kai da kamfanin Woermann na Hamburg suka kafa ƙawancen masu jirage mai farashi ɗaya.

Makaminsu shi ne ragin da ake jinkirtawa. Ana ɗora kashi 10 cikin ɗari a kan kuɗin dako. Ɗan kasuwar da ya yi wata shida bai ba wani jirgi kaya ba sai na ƙawancen yana da haƙƙin a mai do masa da wannan kashi, amma ba za a biya shi ba sai ya ƙara wasu wata shida cikin biyayya. A misali, wanda dakonsa na wata shida ya kai fam 1,000, fam 100 nasa yana hannun kamfani. Ranar da ya ba baƙon jirgi ko ganga ɗaya, ya rasa wannan da wanda ke taruwa a bayansa. Baƙon jirgi mai araha sai ya zo ya koma wayam. Jones ya kuma riƙe ƙananan jiragen juyi na Ikko, da tashar kwal a Las Palmas, da dakon kayan gwamnatocin mulkin mallaka, da Bank of British West Africa da ya kafa a 1894, wanda shi ne First Bank na yau.

Masu jiragen sun kare kansu gaban hukumar gwamnatin Birtaniya da ta binciki irin wannan ƙawance daga 1906 zuwa 1909 da cewa ba wanda zai iya tashi kowane mako zuwa tashoshi da yawa marasa kyau sai yana da tabbacin kaya. Akwai gaskiya a ciki, ita ce hujjar da ta haifi tallafin 1852. Bambancin shi ne tallafi a fili yake, majalisa tana ganin adadinsa, tana iya rage shi, yana da ranar ƙarewa. Wannan kuwa haraji ne da ba a rubuta ba, yana ɓoye cikin farashin manja da ƙwarar kwakwa da atamfa, kuma waɗanda suka fi ɗaukar nauyinsa ba su da kujera a inda ake yanke shi. Manyan 'yan kasuwa irin su John Holt sun yi ƙorafi da babbar murya, amma su suna da hanyar tura nauyin gaba.

11. 'Yan ƙasa sun amfana da jirgin kuwa?

Sun amfana, musamman a shekaru talatin na farko. Kafin jirgin wasiƙa, wanda zai yi ciniki da Ingila sai ya mallaki jirgi ko ya yi hayar guda sukutum. Da jadawali ya tsaya, mai ganga biyar ma yana iya biyan kuɗin gangunansa kawai, ya aika wa dillali a Liverpool, a aiko masa da yadi a jirgi na gaba. Tafiyar da ke cin fiye da wata ɗaya ta koma wajen mako uku, jari yana juyawa sau da yawa a shekara. Da haka 'yan Saliyo da Yarabawan da suka dawo daga can suka cika kasuwar Ikko da bakin koguna. Daga baya, da farashin manja ya faɗi kuma manyan kamfanoni suka haɗe, da yawansu suka durƙushe.

Fataken Hausawa sun shigo ta ƙofar goro. Bayan da Birtaniya ta ci Asante a 1874, tsohuwar hanyar Gonja ta Salaga ta rikice, goro ya fara gangarowa bakin teku. 'Yan kasuwa suka riƙa loda huhunan goro a Akra da Cape Coast, su da kansu su hau saman jirgi a matsayin fasinjan fili, suna kula da kayansu kada zafi ya ɓata su, su sauka Ikko cikin 'yan kwanaki maimakon watannin da ayari ke yi ta Borgu. Alhassan Dantata yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci daga Akra kafin ya koma Kano ya shiga gyaɗa. Goro kaya ne da ba ya son jira, don haka jirgi mai rana tsayayya ya fi masa amfani fiye da jirgi mai araha.

12. Faransa da Jamus fa?

Faransa ta fi sakin hannu kuma ta daɗe tana biya. Jiragen kamfanin Messageries na layin Bordeaux zuwa Burazil sun fara tsayawa a Dakar ta Senegal a 1866, kuma a 1889 aka ba kamfanonin Chargeurs Réunis da Fraissinet kwangilar wasiƙa ta gaɓar Afirka ta Yamma. Jamus ta yi dokar tallafin jiragen wasiƙa a 1885 don Gabashin Asiya da Ostireliya, ta ƙara Gabashin Afirka a 1890, amma Woermann a yamma da kuɗin kaya ya tsaya, shi ya sa ƙawancen tambaya ta 10 ya yi masa daɗi.

13. Ta yaya wasiƙa take isa Arewa, kuma yaushe jirgin ya daina aiki?

Daga 1 ga Janairu 1900, da gwamnati ta karɓi mulki daga Kamfanin Neja, jakunkunan Arewa a Forcados ake sauke su, a wuce da su Burutu, jirgin kogi ya hau da su Lokoja, daga nan a rarraba ta ruwa da ta ƙasa, masu gudu da wasiƙa suna kai su Zungeru, Zariya, Kano da Sakkwato. Da rani, idan ruwa ya janye, sai a koma ƙananan jirage da kwale-kwale, kwanakin su ƙaru. Kuɗin wannan ɓangare a kan gwamnatin Arewa yake, ita kuma a lokacin da tallafin baitulmalin Birtaniya da gudummawar Kudu take cike kasafinta.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gadar Jebba ta kammala a 1916, sai Ikko ta zama ƙofar wasiƙar Arewa, ana haɗa tashin jirgin ƙasa da ranar isowar jirgin ruwa. Jiragen saman sojan Birtaniya sun sauka Kano a Nuwamba 1925, kuma a 1936 Imperial Airways ya fara kawo wasiƙa daga Khartum zuwa Kano, wasiƙar Landan ta riga isa Kano kafin Ikko. Jirgin ruwa ya ci gaba da ɗaukar fasinja da ƙunshin kaya da jaridu. Bayan yaƙin duniya na biyu Elder Dempster ya riƙe layin Liverpool zuwa Apapa da jirage uku, Accra da Apapa da Aureol, kuma Aureol ne ya yi tafiyar ƙarshe a 1974.